Zariya, Sakkwato ko Jos? Ina son karanta likitancin dabbobi amma ina da asma

Ɗan Gusau:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma ina roƙon waɗanda suka zauna a garuruwan nan su faɗa mini abin da suka gani da idonsu.

Ni ɗan Gusau ne, shekarata 19. Mahaifina sana'ar dabbobi yake yi, yana sayen raguna da bijimai ya turke su har zuwa Babbar Sallah, kuma tun ina firamare ni ke ba su dusa da harawa. Shekara uku da suka wuce raguna 7 suka mutu mana cikin sati biyu. Zawo da majina, baki duk gyambo, rago ya tsaya ya sunkuyar da kai ya ƙi cin komai. Duk maganin da muka sayo a kasuwa bai yi aiki ba. Da wani likitan dabbobi ya zo, kallo ɗaya ya yi musu ya ce cuta ce da allurar rigakafi ke tarewa, da an yi musu tun farko da ba a kai nan ba. Ban manta fuskar Baba a wannan rana ba. Tun lokacin na ƙudurta a raina wannan karatun zan yi.

Alhamdu lillahi na samu 251 a JAMB. Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Samaru, Zariya, na sa a zaɓin farko, don tun ina yaro ita nake ji a bakin mutane. To amma yanzu kai ya rabu uku a gida. Inna ta ce Sakkwato, saboda ƙanenta yana aiki a can, gidansa yana Mabera, ta ce ko ba komai akwai wanda zai ƙwanƙwasa mini ƙofa da safe. Malaminmu na bayoloji ya ce Jos, wai duk wanda zai yi aikin dabbobi a ƙasar nan sai ya bi ta Vom, garin da ke gefen Jos inda cibiyar binciken cututtukan dabbobi take, gara in zauna kusa. Baba bai ce komai ba, ya ce in yi bincike in zo masa da magana ɗaya.

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne ina da asma. Duk shekara da hunturu ya shigo, hazo ya rufe gari, ƙirjina ke fara kuka. A Disambar bara da tsakar dare aka ɗauke ni a mashin zuwa asibiti, ina zaune tsakanin yayana da mai mashin ba na iya haɗa kalma biyu. Zafi kuma yana wahalar da ni kamar kowa, amma bai taɓa shaƙe ni ba. Karatun nan shekara 6 ne, ba na son in fara in kasa ƙarasawa.

Don Allah wanda ya san ingancin karatun a wuraren nan uku, da yanayin garin, da halin hanya, ya taimaka kafin a rufe canjin makaranta.

Likitan Shanu:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya ba ka lafiya, Ya cika maka burinka. Cutar da ta kashe muku raguna, daga yadda ka siffanta ta, ta yi kama da wadda muke kira PPR, kuma gaskiyar likitan nan ne, rigakafinta a Vom ake yin sa.

A Samaru na yi karatuna, saboda haka ka auna maganata da wannan. Ta fuskar karatu ba zan ɓoye maka ba, Zariya ce uwa a Arewa. An kafa jami'ar a 1962, tsangayar likitancin dabbobi kuma ta biyo baya a cikin shekarun 1960 ɗin, da taimakon Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka. Da yawa daga cikin malaman da suka je suka koyar a sauran jami'o'in Arewa daga nan suka fito. Abin da ya fi wannan tarihin amfani a wurinka shi ne abin da ke kewaye da kai. Asibitin koyarwa na dabbobi yana cikin makarantar. Cibiyar Binciken Aikin Gona tana nan Samaru. Idan ka miƙe hanyar Funtua kaɗan za ka isa Shika, inda cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa take, wadda ta fitar da kajin ƙwai da ake kira ShikaBrown. A can na fara sa hannu cikin saniya don in gane ko tana da ciki. Malami na tsaye a bayana yana cewa in lalubo a hankali, ni kuwa zuciyata na dukan uku-uku, har na ji abin da ake nema a ƙarƙashin yatsuna. Irin wannan ba a koyon sa a littafi, kuma a Zariya za ka same shi da yawa. Dawakin sarauta, karnukan malamai, kajin gona, shanun Fulani da ake kawowa da sammore ko kirci, duk za su ratsa ta gabanka.

Yanzu ga ɗaya gefen. Sanyin Samaru ba irin na Gusau ba ne. Gari ne a kan tudu, fili ne a buɗe, ga itatuwa, ga madatsar ruwan Kubanni a gefe. Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, idan ka fito lakcar ƙarfe bakwai, iska na shiga har ƙashi, hazo kuma yakan kwana uku bai ɗaga ba. Muna da wani abokin karatu mai irin lalurarka. Ya gama lafiya, yana aikinsa yanzu, amma duk hunturu inhela na aljihunsa, rawani na hancinsa, kuma akwai zangon da sai da muka riƙa kwafe masa darasi na kusan sati biyu.

Akwai kuma abin da babu wanda ya faɗa maka a gida, kuma shi ya fi damuna. Aikin da kansa ƙura ne. Ɗakin kaji mai ɗauke da tsuntsu dubu, ƙasa shimfiɗe da ɗiɗɗigar katako, warin kashi na tashi, wannan ko mai lafiyayyen ƙirji sai ya yi tari. Ga ɗakin da ake feɗe gawar dabba don koyon sassan jiki, inda warin maganin da ke hana ruɓewa ke sa ido hawaye. A aji biyu za ka shiga nan, ko a Zariya kake ko a Sakkwato ko a Jos. Ban faɗa don in karya maka gwiwa ba. Akwai likitocin dabbobi masu asma, na san su. Amma ka shiga da saninka.

Game da makinka, 251 ba laifi. Sai dai masu neman ABU suna da yawa ƙwarai, daga ko'ina a ƙasar nan, kuma jarrabawar tantancewa ta bayan JAMB tana da nata nauyin. Idan ka bar ta a zaɓin farko, ka koma kan Kemistiri da Fiziks tun yau.

'Yar Gangare:

Ƙanena, ni haifaffiyar Jos ce, a nan na yi jami'a, kodayake ba dabbobi na karanta ba. Ina son garina, amma zan faɗa maka gaskiya saboda Allah.

Jos tana kan tsauni, sama da mita 1,200. Abin da ke jawo mutane nan shi ne ba ma sanin zafin da kuke sha. A watan Afrilu, lokacin da ku ke kwana a tsakar gida kuna fifita, mu da dare sai mun ja mayafi. Karatu na shiga kai a irin wannan yanayin, ba ƙarya. Abinci kuma da sauƙi idan kana girki da kanka. Ka je kasuwar Farin Gada da safe ka ga kabeji da karas da dankalin Turawa da koren wake a jibge, na ɗalibi ne sosai.

Amma sanyinmu na Disamba da Janairu abin tsoro ne ga mai ƙirji. Ruwan da ya kwana a bokiti ba ya taɓuwa da asuba, alwala sai an ɗora tukunya. Kuma kada ka ɗauka hazo ba ya hawo mana, yana zuwa. Damina kuma doguwa ce, daga Afrilu har Oktoba, a Yuli da Agusta sai a wuni ana yayyafi, kaya su ƙi bushewa, bango ya yi danshi, katifa ta ɗauki wari. Ƙanwar kishiyar mamata mai asma ce, ita damina ta fi tsoro a kan hunturu saboda wannan danshin.

Maganar Vom, malaminku bai yi ƙarya ba. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa tana can tun 1924, nan ake yin alluran rigakafin shanu da awaki da kaji, kuma daga cikin Jos ba ta kai tafiyar awa ɗaya ba. Sai dai Vom ba jami'ar ba ce, hukuma ce mai zaman kanta. Ɗalibai daga jami'o'i daban-daban suna zuwa koyon aiki a can lokacin hutu, na sha ganin su a mota. Kana Zariya ko Sakkwato za ka iya neman zuwa. Tsangayar dabbobi ta Jos kuma sabuwa ce idan aka gwada ta da ta Zariya.

Sai nisa. Daga Gusau sai ka zo Zariya tukuna, sannan ka kama hanyar Pambeguwa da Saminaka ka hawo tsauni. Wuni guda ne a mota. Idan ciwo ya tashi da dare, Inna ba za ta iso ba sai gobe da yamma. Kuma ka san garinmu ya ga rikici, a 2001 da 2008 da 2010, sannan a Agustan 2021 sai da jihohi suka turo motoci suka kwashe ɗalibansu. Yawancin kwanaki lafiya lau muke zaune, muna cin kasuwa ɗaya da kowa. Amma mu mun san unguwar da za a bi da wadda ba za a bi ba idan gari ya ɗauki zafi, baƙo kuwa sai ya koya. Da ƙanena ne kai uwa ɗaya uba ɗaya, da wannan ƙirjin, ba tare da kowa naka a nan ba, da na ce ka cire Jos. Ka zo mana yawo in ka zama likita.

Basakkwace:

Ɗan uwa, kowa ya yabi nasa, bari in yabi namu, amma sai na fara da zafi don kada ka ce na ɓoye.

Daga Maris zuwa Mayu Sakkwato wuta ce. Ma'auni na wuce 40 kusan kullum, wani lokaci ya doshi 45. Ƙarfe biyu na rana iskar da ka taso kamar daga bakin tanda take. Lokacin da munka yi namu karatun, katifa waje muke fitarwa, mu yayyafa ma ƙasa ruwa kafin mu kwanta, karatun jarrabawa kuwa sai bayan sha biyun dare ko bayan asuba. Amma kai ɗan Gusau ne, ba daga Legas ka fito ba. Abin da za ka tarar ƙari ne kan abin da ka saba, ba sabon abu ba. Hazo kuwa akwai shi sosai, mu ne ƙofar hamada, kada kowa ya ruɗe ka. Bambancin shi ne sanyinmu na safe ne, rana na ɗagawa ya sake ka.

Karatun dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ba na wasa ba ne. An kafa jami'ar a 1975, tsangayar ta daɗe tana yaye likitoci. Kuma ina kake neman dabbobi da sunka wuce na wanga yanki? Jan akuyar Sakkwato da fatarta ta yi suna har Turai, shanun Gudali, tumaki Uda da Balami, ga raƙuma da ake yankawa a mayankar gari, abin da ɗalibin wasu wurare sai a hoto zai gani. Ka je Kara, ka je kasuwar Achida, ka je Illela bakin iyaka ranar kasuwa. Irin dabbobin da Babanku ka saye su ne waɗannan, cututtukan da za ka koma Zamfara ka yi yaƙi da su su ne na nan.

Abu biyu nike so ka auna da kyau. Na farko, gurbi. Tsarin jami'o'in tarayya shi ne kashi 45 cikin ɗari na cancanta, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'a, kashi 20 na jihohin da anka bari a baya wajen ilimi. A Sakkwato ɗan Zamfara ɗan gida ne, kuma cunkoson bai kai na Zariya ba. Da 251, in ka yi abin kirki a tantancewa, kana da ƙarfi. Amma sai ka maida ita zaɓin farko, don ba a cika waiwayar wanda ya sa makaranta ta biyu ba a irin wanga kwas. Na ga yara masu maki mai kyau sun zauna gida shekara guda saboda sun kafe a wuri ɗaya.

Na biyu, kawunka. Kada ka raina maganar Inna. Shekara 6 anka ce, amma wanda ya ga yajin aikin malamai na 2020 da na 2022, wanda ya ci wata takwas cur, ya san lissafi na iya tsawo. A cikin waɗannan shekaru akwai ranar da kuɗi za su yanke, akwai daren da ƙirji zai tashi. Mutum mai mota a Mabera da zai kai ka asibitin koyarwa cikin minti ashirin ya fi maka sunan makaranta a wannan dare.

Hanya kuwa, ta Talata Mafara da Tureta zuwa Sakkwato da ta Tsafe da Funtua zuwa Zariya, kai ka fi ni sanin halinsu. Kusan tsawonsu ɗaya, kuma dukansu ba a bin su da dare. Nan ba wadda ta fi wata.

Anti Nas:

Ɗana, ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata 22 a bakin aiki, kuma duk hunturu irinku ne ke cika mana ɗakin gaggawa. Tambaya ɗaya ce ban ga ka amsa ba: mene ne ainihin abin da ke tayar maka da ciwon? Wani ƙura ce, wani sanyin iska, wani hayaƙin itace ko na maganin sauro, wani gashin dabba. Ka ce hunturu, to hunturu ya haɗa ƙura da sanyi, kuma amsar tana canja zaɓinka. In ƙura ce zalla, duk garuruwan nan uku tana nan, ta Sakkwato ma ta fi kauri. In sanyi ne ke ƙara maka, Jos ta fita, Zariya sai da shiri.

Sannan wanda har aka kai shi asibiti da dare, inhela mai buɗe ƙirji ita kaɗai ba ta ishe shi ba. Akwai ta rigakafi da ake shaƙa kullum ko ana lafiya, wadda ke kwantar da kumburin hanyar numfashi. Yawancin masu zuwa mana a galabaice ba sa amfani da ita, ko sun daina da suka ji sauƙi. Ka je ka ga likita tun yanzu, kafin Nuwamba, ka faɗa masa karatun da za ka yi da irin ƙurar da ke cikinsa. Duk makarantar da ka shiga, satin farko ka buɗe kati a asibitinta, ka sanar da abokan ɗakinka inda kake ajiye magani. Ka nemi ɗakin da ba a girki da risho a ciki. Allah Ya ba ka lafiya.

Ɗan Gusau:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa Baba da Inna duka jiya bayan isha'i.

Anti, tambayarki ta sa na zauna na yi tunani. Zama cikin raguna bai taɓa yi mini komai ba, ina wanke su, ina yanke musu ƙofato. Amma idan ina zazzage buhun dusa ko ina karkaɗe harawa da ta daɗe a rumbu, tari na kama ni, ban dai taɓa haɗa shi da asma ba. Kuma duk tashin da ya yi mini mai tsanani da asuba ne ko tsakar dare, lokacin da sanyi ya sauka. Ranar Litinin yayana zai raka ni wurin likita, zan tambaye shi maganar inhela ta rigakafi, don gaskiya mai buɗe ƙirjin kaɗai nake da ita.

Yaya 'Yar Gangare, na cire Jos, amma in Allah Ya yarda zan nemi zuwa Vom koyon aiki.

Likita, maganar Shika ta tsaya mini a rai, ban ji daɗin barin Zariya ba ko kaɗan. Na faɗa wa Baba haka. Ya ce in na gama lafiya, ba abin da zai hana in je can karatu na gaba. Ya ce in yi istihara kwana uku, in zuciyata ba ta canja ba in je in yi canjin makaranta zuwa Sakkwato a satin nan.

Malam Basakkwace, saura tambaya ɗaya gare ka. Na ji an ce 'yan aji ɗaya a babbar harabar da ke wajen gari ta hanyar Dundaye suke ɗaukar darasi. Daga Mabera zuwa can kullum zai yiwu, ko gara in kama ɗaki a makaranta in riƙa zuwa gidan kawu ranar Juma'a? In a mashin ne da sassafe cikin hazo, ina jin ƙirjina ba zai ɗauka ba.